Ɗa ko bawa: 'yancin ƙasa da 'yancin ruhu a ma'aunin Littafi Mai Tsarki

A Lahadin da ta fi kusa da 1 ga Oktoba, ranar tunawa da samun 'yancin Nijeriya, akwai ayoyi biyu da ake yawan karantawa a majami'un da ke sujada da Hausa. Ɗaya Yahaya 8:36, inda Yesu ya ce wanda Ɗan ya 'yanta ya 'yantu da gaske. Ɗayar Galatiyawa 5:1, inda Manzo Bulus ya ce domin mu zauna cikin 'yanci ne Almasihu ya 'yanta mu. Bayan karatu sai wa'azi ya rabu gida biyu. Wani mai wa'azi yakan dama su wuri ɗaya, kamar saukar da tutar Ingila a Legas da tashin Yesu daga matattu duk kanwar ja ce. Wani kuma ya yi watsi da 'yancin ƙasa, ya ce harkar 'yan siyasa ce, mai bi ya ji da ransa kawai. Duka biyun sun tsallake abin da Littafi Mai Tsarki ya fi daɗewa a kansa, wato yadda ake sakin mutum a aikace: wa ya biya, me aka riƙa masa a hannu ranar sallama, kuma wa zai yi wa hidima daga nan.

Harshenmu ma ya rage mana aiki. A Hausar dā, kishiyar bawa ita ce ɗa. In aka tambaya ko wane ɗa ne ko bawa, ba shekarunsa ake tambaya ba, matsayinsa ake nufi. Daga wannan tushe na ɗa da 'ya'ya aka samo 'yanci da 'yantarwa: 'yantar da mutum shi ne mayar da shi ɗa. Wanda ya san haka ba ya bukatar dogon sharhi a kan Yahaya 8:35, inda aka ce bawa ba ya dawwama a gida, ɗa ne ke dawwama. Haka ma Galatiyawa 4:7: kai ba bawa ba ne kuma, ɗa ne, in kuwa ɗa ne to magaji ne. Ke nan ba a gane 'yantacce da tsinkewar igiya kaɗai. Ana gane shi da samun wuri a gida da rabo a gado.

Shari'ar Musa ta ɗauki wannan da lissafi. Fitowa 21:2 ta ce Ba'ibrane da aka saya zai yi bauta shekara 6, a ta 7 ya fita ba tare da biyan ko anini ba. Maimaitawar Shari'a 15:12-18 ta ƙara sharaɗin da ake yawan mantawa: kada a sallame shi hannu rabbana. Za a ɗiba masa daga garke, daga masussuka, da wurin matsar inabi, kuma a ɗiba da yawa. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda mutum ke faɗawa bauta a zamanin. Galibi bashi ne. Matar da ta zo wurin Elisha a 2 Sarakuna 4:1 kukanta ke nan: mijinta ya rasu, mai bin bashi yana zuwa ya ɗauki 'ya'yanta biyu. Mutumin da aka sake shi ba tunkiya, ba iri, ba hatsin da zai kai shi kaka, kafin damina ta tsaya ya koma ƙofar wanda ya sake shi yana neman rance. Aya ta 18 ma ta rufe bakin maigidan da zai ji nauyin abin: a shekara shidan nan ka ci amfanin aikin da ya ninka na ɗan ƙwadago.

Littafin Firistoci sura 25 ta ɗaga maganar daga mutum ɗaya zuwa ƙasa baki ɗaya. A ƙirga bakwai sau bakwai, shekara 49. A rana ta 10 ga wata na 7, wato Ranar Kafara, a busa ƙaho a ko'ina, a keɓe shekara ta 50, kowa ya koma ga gādonsa da danginsa. Wannan ya sauya ma'anar cinikin gona gaba ɗaya. Wanda ya sayi gona ba ƙasar ya saya ba, yawan girbin da ya rage kafin shekara ta 50 ya saya. In saura shekara 40, kuɗin ya yi yawa. In saura 5, ya yi kaɗan. Aya ta 23 ta faɗi tushen abin: ƙasa ta Ubangiji ce, mutanen baƙi ne a cikinta. Dokar ta bambanta gida da gida. Gidan da ke cikin birni mai ganuwa, mai shi yana da shekara guda ya fanshe shi, in ta wuce ya tafi har abada. Gidan ƙauye kuwa ana ɗaukarsa kamar gona, domin da shi manomi ke rayuwa. Ga wanda ya sayar da kansa ga baƙo mai arziki, ɗan'uwansa ko baffansa ko ɗan baffansa na iya fansarsa, ko shi da kansa in ya samu hali, kuma da shekarun da suka rage ake yanke kuɗin.

Gaskiya biyu ya kamata mai koyarwa ya faɗa a nan, kada matasa su gano su da kansu su ce an ɓoye musu. Ta farko, ayoyi 44 zuwa 46 na wannan sura sun bar ƙofa a riƙe bawan da ba Ba'isra'ile ba har a bar wa 'ya'ya gādonsa. Sai a Sabon Alkawari aka rushe wannan katanga a fili, inda Galatiyawa 3:28 ta ce a cikin Almasihu babu Bayahude ko Bahelene, babu bawa ko ɗa. Ta biyu, littattafan tarihi na Tsohon Alkawari ba su kawo labarin lokacin da aka busa ƙahon nan aka mayar wa kowa gonarsa ba. Abin da Tsohon Alkawari ya kawo shi ne yadda aka saki mutane aka sake kama su.

Labarin yana Irmiya 34. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Sarki Zadakiya da manyan gari suka ɗaura alkawari a Haikali cewa kowa zai saki bayinsa Ibraniyawa, maza da mata. Aka sake su. Da rundunar Babila ta ɗan janye, masu gida suka bi bayin nan ɗaya bayan ɗaya suka maido su bauta. Amsar da Allah ya bayar ta bakin Irmiya tana da zafi: tun da ba ku yi shelar 'yanci ga 'yan'uwanku ba, ni zan yi muku shelar 'yanci zuwa ga takobi da annoba da yunwa. Ba a daɗe ba birnin ya faɗi, wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu. Abin lura, waɗanda suka yi wannan ba Fir'auna ba ne. Jikokin waɗanda aka fitar daga Masar ne. Tun kafin su ma, Sulemanu ya ɗibi mutum 30,000 daga Isra'ila don aikin dole, ana tura 10,000 Lebanon kowane wata, wata ɗaya can wata biyu gida. Da ɗansa Rehobowam ya hau, jama'a suka roƙi sassauci, ya ce ubansa da bulala ya hore su, shi da kunamai zai yi. Nan ƙasar ta tsage biyu.

Arewacin Nijeriya ta ga irin wannan sakin mai rabi da rabi. Shelar da gwamnatin Lugga ta yi a 1901 ta hana cinikin bayi, ta soke matsayin bauta a gaban kotun Turawa, ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma ba ta tilasta wa kowa sakin bayin da ke hannunsa ba. Da yawa ta hanyar murgu suka bi: bawa ya yi sana'arsa yana biyan ubangidansa wani abu a kai a kai, yana kuma tara kuɗin fansar kansa. Sai a 1936 aka haramta bautar gaba ɗaya. Tsakanin shela da cikar abin shekara 35 ke nan. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake kuwa sun zama matsala, don ba su san hanyar gida ba. Shi ya sa mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumaisha a 1909, aka sa masa sunan Lucy, marigayiya matar Karl Kumm wanda ya kafa mishan ɗin, ana koya wa yaran karatu da aikin hannu. Ko da mutum yana da ƙorafi a kan alaƙar mishan da mulkin mallaka, kuma akwai abin ƙorafi, wannan gida ya fahimci Maimaitawar Shari'a 15: ba a kwance yaro a bar shi a bakin hanya.

Da wannan ma'auni za a auna 1960. Abin da ya faru a filin sukuwa na Legas a daren 30 ga Satumba ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai bi ba shi da dalilin raina shi. An sauke tutar Ingila, an ɗaga kore da fari da kore, da gari ya waye kuma Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila, ta miƙa takardun mulki ga Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jihar Arewa ta riga ta samu mulkin kanta tun 15 ga Maris 1959, maƙwabciya Nijar kuma ta samu nata 'yancin a 3 ga Agusta 1960. Ikkilisiyoyi da dama ma sun riga ƙasar tsayawa da ƙafafunsu: ECWA ta kafu a 1954, TEKAN a 1955. Amma ƙananan ƙabilu, ciki har da Kiristocin tsakiyar ƙasar da yawa, sun shiga wannan rana da fargabar kada a canza musu ubangida kawai. Irin su Fasto David Lot da Joseph Tarka sun nemi a ware musu jiha. Hukumar Willink da aka kafa a 1957 ta saurari wannan koke, ta ƙi ba da shawarar sabbin jihohi a rahotonta na 1958, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki. Abin da aka riƙa wa ƙananan ƙabilu a hannu ranar sallama ke nan: babi guda a takarda. Abin da ya biyo baya an san shi. Juyin mulki a 15 ga Janairu 1966, yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, kuma a shekara 39 na farko soja sun riƙe ƙasar kusan 29. Duk 'yan gida ne.

Wannan babi bai kamata a raina shi ba, domin Bulus bai raina irinsa ba. A Filibi, bayan an yi masa bulala an kulle shi ba shari'a, mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ya ce faufau, su zo da kansu su fitar da shi (Ayyukan Manzanni 16:37). A Urushalima ana shirin ɗaure shi a yi masa bulala ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba a yanke masa hukunci ba. Daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Mutumin da ya rubuta Galatiyawa 5:1 ya san lambar dokar da ke kare shi. A tsarin mulkin 1999, sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da sauya addini da yin sa a fili, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince ba. Sashe na 34 ya hana bauta da aikin dole, na 42 ya hana wariya, na 46 ya ce wanda aka taka wa haƙƙi ya nufi Babbar Kotu a jihar. Inda ake yawan yin kuskure shi ne karanta sashe na 38 da ido ɗaya. Layin da ya kare ɗan Kirista a makarantar gwamnati shi ne ya kare ɗan Musulmi a makarantar mishan. Ikkilisiyar da ke neman na farko tana take na biyu ta shiga sahun mutanen Zadakiya.

To ina 'yancin ruhu ya bambanta? Da Yesu ya yi maganar gaskiya mai 'yantarwa, masu sauraronsa suka ce su zuriyar Ibrahim ne, ba su taɓa bauta wa kowa ba. Abin dariya ne ga wanda ya san Masar da Babila, ga kuma sojan Roma a titi tun shekara 63 kafin haihuwar Almasihu. Yesu bai tsaya gardamar tarihi da su ba, ya ce duk mai aikata zunubi bawan zunubi ne. Wannan bauta ba ta duba fasfo. Tana kan mai mulki da wanda ake mulka, kuma babu murgu a cikinta, don bawan ba shi da abin da zai tara. Shi ya sa Markus 10:45 ta ce Ɗan Mutum ya zo ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, 1 Bitrus 1:18-19 ta ce ba da azurfa ko zinariya aka yi ba. Shi ne ɗan'uwan da Littafin Firistoci ya ce yana da ikon zuwa ya biya. Ranar sallama ma ba hannu rabbana ba: Galatiyawa 4:6 ta ce an aiko Ruhun Ɗan cikin zuciya, yana kiran Allah Uba.

Kalmar fansa tana bukatar a riƙe ta da hankali a yau. Kunnen mutanenmu ya saba jin ta a "kuɗin fansa", wanda iyalai ke sayar da gona da shanu su kai daji. In mai wa'azi bai bambance ba, mai sauraro zai fita da hoton Allah yana ciniki da ɗan bindiga. Littafi Mai Tsarki bai ba mai satar mutum wani haƙƙi ba. Fitowa 21:16 ta yanke masa hukuncin kisa, 1 Timoti 1:10 ta jera shi cikin kangararru. Fansar gicciye magana ce ta tsadar abin da aka biya da kuma wanda ya biya.

Tambaya ta uku ita ce wadda ba a so. Saƙon da Musa ya kai wa Fir'auna ba a "saki mutanena" ya tsaya ba, ya ci gaba da cewa domin su yi mini sujada. Romawa 6:18 ta ce an 'yanta ku daga zunubi, kun zama bayin adalci. Galatiyawa 5:13 ta ce kada 'yancin ya zama hujjar biye wa son zuciya, ku yi wa juna hidima da ƙauna. A nan abin ke lalacewa ta hanyoyi da ba su yi kama da juna ba. Galatiyawa sun koma neman kaciya don su cika ceton da aka riga aka gama musu. Irinsa a yau shi ne mai bin da ke sayen ruwa ko mai ko ƙyalle don a kwance masa abin da Almasihu ya kwance, yana biyan murgu ga wanda ba ubangidansa ba. Akwai kuma wanda 1 Bitrus 2:16 ta ambata, mai yin mayafi da 'yanci ya rufe mugunta. Sai na ƙarshe, mai kewar Masar. A Littafin Ƙidaya 11:5 mutanen sun tuna kifin da suka ci kyauta, da kokwamba da kankana da albasa da tafarnuwa, ba wanda ya tuna tubali da bulala. A sura ta 14 har sun fara maganar naɗa shugaba su koma. Duk lokacin da aka ji wani yana cewa gara zamanin Turawa ko gara soja, lissafin albasa ne.

Wasiƙar Filimon ta nuna inda biyun ke haɗuwa. Bulus bai ce wa Onisimas, bawan Filimon, ai ranka ya 'yantu, sauran ba komai ba. Ya rubuta wa ubangidansa ya karɓe shi ba kamar bawa ba, kamar ɗan'uwa ƙaunatacce, ya ƙara da cewa in akwai bashi a rubuta a kansa shi Bulus, zai biya. 'Yancin ruhu ya taɓa aljihun mutum biyu a wannan 'yar wasiƙa. Irin wannan tunani ne ya sa ikkilisiyoyi suka tsaya bayan gangamin Jubilee 2000, wanda ya ɗauko sunansa daga Littafin Firistoci 25, har mutum kusan 70,000 suka riƙe hannun juna a Birmingham a 1998 suna neman a yafe wa ƙasashe matalauta bashi. Nijeriya ta yi nata sulhun da ƙungiyar masu bin bashi ta Paris a 2005: aka yafe dala biliyan 18, ta biya kusan biliyan 12. Bayan shekaru bashin ya sake taruwa, wanda ya maido mu ga tambayar abin da aka yi da sararin da aka samu.

Ga ikkilisiyar da ke son ta yi wani abu ban da addu'a ga shugabanni, wadda ita ma umarni ce a 1 Timoti 2:1-2, Nehemiya sura 5 ta shimfiɗa hanya. Mutanen sun dawo daga bautar Babila, suna gina garu, sai kuka ya tashi: wasu sun jinginar da gonaki don hatsi, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, wasu 'ya'yansu mata sun riga sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nehemiya ya fara da sauraro. Ya tuhumi manyan a fuska, ya tara babban taro, ya ce a mayar da gonaki da gidaje da ruwan da aka karɓa a ranar, ba wata mai zuwa ba. Ya kira firistoci aka rantsar da su a gaban jama'a, don ya san alkawarin da aka yi cikin kunya yakan narke. Shi kansa ya shekara 12 bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba, alhali mutum 150 ke ci a teburinsa.

Dattawan ikkilisiya na iya bin wannan sawu da abubuwan da ke gabansu: yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aikin gida da alkawarin makaranta, shekara uku ba ta ga aji ba, mai gadin majami'a da malamin makarantar ikkilisiya da ke bin albashin watanni, rancen da ɗan'uwa ke ba ɗan'uwa da ruwan kashi 20 a wata. Mafi wuyar sha'ani ita ce jinginar gona, domin al'ada ta ɗaure mata gindi. A yadda aka saba, wanda ya karɓi jingina yana noma gonar har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif, komai yawan shekarun. Littafin Firistoci 25:27 ya ce a ƙirga shekarun da aka ci, a cire, a biya abin da ya saura. A ɗauka an jinginar da gona a kan naira 200,000, mai riƙon yana samun ribar 50,000 kowace kaka bayan ya cire taki da ƙwadago. Bayan kaka 3 ya ci 150,000, saura 50,000 a biya shi. Bayan kaka 4 gonar ta fanshi kanta. Inda sulhun ke rushewa shi ne rashin rubutu, don ba wanda ya san ranar da aka fara ko buhu nawa aka ɗauka, da kuma yin zaman a ɓoye tsakanin mutum biyu da ɗaya ke jin nauyin ɗaya. Shi ya sa ake bukatar takarda mai kwanan wata, shaidu biyu ko uku daga dattawa, mai unguwa ya sani, a kuma yanke ƙimar girbin kowace shekara tun ranar da aka miƙa gonar.